Amsa ga Malam Sani na Daura: ta yaya aka san abin da ke cibiyar duniya?

Malam Sani, ka tambaya yadda aka san cikin duniya alhali ba wanda ya haƙa ya kai can. Gaskiyarka. Rami mafi zurfi, na Kola a Rasha, mita 12,262 ne kacal, bai kai kwatan tafiyar Katsina zuwa Daura ba, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne.

Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. Tana aika motsi iri biyu: na P yana ratsa dutse da ruwa, na S kuwa ba ya ratsa abu mai ruwa-ruwa ko kaɗan. A zurfin kimanin kilomita 2,890 sai na S ya ɓace, na P ya rage gudu ya karkace. Da haka aka gane akwai narkakken ƙarfe a can, gauraye da nikel da ɗan farar wuta da iskar oksijin. A 1936 Inge Lehmann, 'yar ƙasar Denmak, ta gano wani dunƙulallen curi a ciki, daga zurfin kilomita 5,150.

Nan ne mutane ke rikicewa: curin ya fi zafi, sama da digiri 5,000 a ma'aunin Celsius, amma bai narke ba. Nauyin da ke danne shi, wanda ya haura na iskar da ke kanmu sau miliyan 3, shi ke hana shi narkewa.

Kuma kada a raina narkakken ɓangaren. Juyawarsa ce ke haifar da maganaɗisun duniya, wanda ke juya allurar kamfas, yana kuma kare mu daga guguwar rana, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da rana ke fesowa sararin samaniya.