Filin Tambaya da Amsa: Zara, Gamzaki da Asalin Kalmomin Ilimin Sama

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, kakata tana kiran tauraro mai hasken nan da ke fitowa bayan magariba Zara matar wata, wanda ke fitowa da asuba kuma tana ce masa Gamzaki. Malaminmu na makaranta ya ce abu ɗaya ne, kuma ya ce ba ma tauraro ba ne. Wane ne da gaskiya? Daga wani ɗalibin sakandare a Zariya.

Amsa: Ɗana, kakarka ta faɗi abin da ido ke gani, malaminku kuma ya faɗi abin da lissafi ya tabbatar. Zara da Gamzaki abu ɗaya ne, wato duniyar da Larabawa ke kira Zuhra, kuma daga wannan suna ne bakin Bahaushe ya samo Zara. Tushen kalmar a Larabci yana nufin haske da sheƙi. Da yake ta fi mu kusa da rana, ba ta yin nisa da ita a idonmu fiye da digiri 47, saboda haka sai dai a gan ta a yamma bayan faɗuwar rana ko a gabas kafin fitowarta. Takan yi wajen wata 8 tana fitowa da magariba, ta ɓace na ɗan lokaci, sannan ta koma fitowa da asuba, kuma zagayen gaba ɗaya yana ɗaukar kwana 584. Girkawan dā ma suna biyu suka ba ta kafin su gane cewa guda ce, don haka kakarka ba ita kaɗai ba ce a wannan fahimta. Aurenta da wata kuwa ya samo asali ne daga yadda jinjirin wata ke tsayawa a yamma, daidai inda take haskawa. Idan ka ga wani abu mai haske kusa da cikakken wata da tsakar dare, wannan ba Zara ba ce, galibi wata duniyar ce da ake kira Mushtari.

Batun ko tauraro ce, matsalar tana ga kalmar tauraro kanta, domin mun ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta. A wurin masana, tauraro shi ne abin da ke samar da haskensa da zafinsa da kansa, kuma a wannan ma'ana rana ma tauraro ce, wadda ke da nisan kilomita miliyan 150 daga gare mu. Zara ba ta da hasken kanta, na rana take maidowa, kuma tun a 1610 masanin nan na Italiya Galileo ya hango ta da madubin hangen nesa tana cika tana raguwa kamar wata. Irin waɗannan abubuwa ne Girkawa suka kira da kalmar da ke nufin masu yawo, saboda suna sauya mazauni a tsakanin sauran taurari, daga nan ne Turanci ya samo filanet. Mu kuma muka ce duniyoyi, abin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna cewa dunya a Larabci tana nufin mafi kusa, ga shi yanzu muna laƙaba ta ga irin su Zuhalu, duniyar da ke can nesa. Duk da haka kalmar ta zauna, kuma a ganina ta fi tauraro dacewa a cikin aji.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin ilimin falaki da ilimin taurari? Na ji wani mai wa'azi yana hana na biyun, alhali ina koyar da yara darasin rana da wata. Daga wata malamar firamare a Maraɗi.

Amsa: Malama, ki ci gaba da darasinki da kwanciyar hankali. Falaki kalmar Larabci ce, falak, wato hanyar da rana ko wata ke bi tana kewayawa, kuma ta zo a cikin Alƙur'ani a Suratul Anbiya aya ta 33 da Suratu Yasin aya ta 40. Tushenta yana nuni ga abu mai da'ira, shi ya sa Larabawa ke kiran ɗan dunƙulen da ke gindin mazari falka, kuma duk wanda ya taɓa kallon tsohuwa tana kaɗi ya riga ya ga hoton da kalmar ke ɗauke da shi. Ilimin falaki shi ne auna tafiyar rana da wata da taurari domin sanin alƙibla, lokutan salla, tsayuwar wata da shigowar damina. Abin da malamai suka yi hani a kansa shi ne tanjimi, wato duba taurari don faɗin sa'ar mutum, aurensa ko ajalinsa. Ruɗanin ya zo ne saboda Hausa tana cewa ilimin taurari ga duka biyun, wanda ke fassara labarin kimiyya a rediyo da mai duba a zaure kowa na amfani da ita. Shawarata ga marubuta ita ce su riƙe falaki ga na farko, su bar duba ga na biyu.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman hisabi suna raba shekara zuwa manzili 28, wato masaukan wata a tsakanin taurari, kowanne kwana 13 in ban da guda ɗaya mai kwana 14, jimilla kwana 365, kuma manoma na tambayarsu ko wane tauraro ake ciki kafin su yi shuka. Sunayen duk na Larabci ne da bakinmu ya sassaƙa, irin su Haƙa'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha. Suraiya, ɗaya daga cikinsu, ita ce tarin taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Wanda ke biye da ita kuma shi ne Dabaran, ma'anarsa mai bin baya, kuma wannan sunan ne ya shiga littattafan Turai a matsayin Aldebaran, har yau da shi masana ke kiran wannan jan tauraro.

Tambaya: Husufi ne daidai ko kusufi? Daga wani mai gyaran rubutu a Kano.

Amsa: Duka biyun daidai ne, kuma kalmomi biyu ne daban a Larabci. Malaman lugga da yawa sun fifita kusuf ga rana, khusuf kuma ga wata, ko da yake an yi amfani da kowacce a madadin 'yar'uwarta tun a hadisai. Harafin kha yakan koma ha a Hausa, kamar yadda khamsin ta zama hamsin, khalifa ta zama halifa, ta haka muka samu husufi. Na rana yana faruwa ne a ƙarshen wata, idan wata ya shiga tsakaninmu da rana, kamar wanda aka gani ranar 29 ga Maris 2006 lokacin da duhu ya rufe Gusau da Katsina da hantsi. Na wata kuwa sai daren 14 ko 15, idan inuwar duniya ta faɗa a kansa. Idan kana son tsantseni, Malam, rubuta kusufin rana da husufin wata, amma kada ka ja wa marubuci jan layi don ya ce husufin rana.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga ina kalmar kimiyya ta fito? Wani abokina da ya yi karatu a Sudan ya ce a can ba ta nufin abin da muke nufi. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Abokinka ya yi gaskiya. A Larabci kimiya tana nufin fanni guda ne kawai, wato nazarin sinadarai da yadda suke haɗuwa, ilimin gwaji da bincike baki ɗaya kuwa ulum suke ce masa. A zamanin Jabir ɗan Hayyan, masanin wannan fanni na dā, kalmar ta ƙunshi ƙoƙarin mayar da dalma ko tagulla zinariya, kuma da Turawa suka fassara littattafan Larabawa sai suka ɗauke ta har da al ɗin da ke gabanta a al-kimiya, daga baya suka yar da shi, aka samu kemistiri. Game da inda Larabawa suka samo ta, masana sun kasu biyu, wasu na danganta ta da kalmar Girkanci ta narka ƙarfe da zuba shi, wasu kuma da Kemet, baƙar ƙasa, sunan da Misirawan dā ke kiran ƙasarsu. Hausa ta faɗaɗa ta ne saboda kalmar ilimi ta riga ta ƙunshi fiƙihu da nahawu da kowane irin sani, ana kuma bukatar suna na musamman ga sabon karatun da ya zo da makarantun boko. Kuɗin da muka biya shi ne fannin da ya ba da sunan ya rasa nasa, sai mun yi dogon zance mun ce kimiyyar haɗa sinadarai. Ita ma sinadari daga maƙera aka aro ta, domin a dā sunan abin da ake liƙa ƙarfe da shi ne.