Ma'anar dpi da ADF a jikin na'urar kwafi

Malam, ka tambayi ma'anar dpi da ADF da ka gani a jikin na'urar shagonka na Samaru. Dpi shi ne yawan ɗige-ɗigen da sikana, wato ɓangaren na'urar da ke ɗaukar hoton takarda, ke ɗauka a cikin inci ɗaya, kuma a ganina 300 ya wadatar ga takardun ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, domin 600 yana ninka ɗige-ɗigen sau biyu a tsawo da kuma faɗi, wato sau huɗu a shafi gaba ɗaya, fayil ya yi nauyi har turawa ta imel ta gagara. ADF kuwa shi ne murfin saman da ke jan takardu ɗaya bayan ɗaya da kansa, amma ka cire fil tukuna, in ba haka ba takarda za ta iya yagewa a ciki.