Likitan haƙori zai iya yin tiyatar muƙamuƙi?

Tambaya: Ƙanena ya yi haɗarin babur a Jos, muƙamuƙinsa na ƙasa ya karye. An ce likitan haƙori ne zai yi masa tiyata, hankalinmu kuwa bai kwanta ba. Shin yana da ilimin wannan aiki?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malam. Wanda aka tura ku wurinsa likitan tiyatar baki da muƙamuƙi da fuska ne. Da karatun haƙori ya fara, amma bai tsaya nan ba.

A Najeriya sai ya yi shekara 6 a jami'a, kuma a shekarun farko darussan sanin sassan jiki da cututtuka da magunguna kusan ɗaya suke da na ɗaliban likitanci. Daga nan hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya (MDCN) ta yi masa rajista, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, ya yi bautar ƙasa.

Horon ƙwarewa shi ne mai tsawo, domin yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6 a asibitin koyarwa, ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. A matakin farko yakan zaga sassa irin su tiyatar gama-gari da sashen allurar barci da na kunne da hanci da maƙogwaro, sannan ya koma kan karayar ƙasusuwan fuska, da ƙarin da ke cin muƙamuƙi, da tsagewar leɓe, da gyaran fuskar da cutar noma (cuta mai cin naman baki da fuska) ta lalata. Sai ya ci jarrabawa kashi na ɗaya da na biyu, ya kuma kare binciken da ya rubuta, kafin kwalejin ta ba shi shaidar zama ƙwararre, wato FMCDS ko FWACS. A Ingila ma sai mutum ya haɗa digirin likitanci da na haƙori, amma dokarmu ba ta shar'anta haka ba.

A ganina karayar ƙanenka ta fi dacewa da wannan likitan fiye da likitan ƙashi, saboda idan aka ɗora muƙamuƙi ba tare da haƙoran sama da na ƙasa sun haɗu daidai ba, ƙashin zai warke a karkace, tauna ta gagara. Ku tambayi sunan babban likitan da zai jagoranci aikin, wannan haƙƙinku ne. Kada kuma ku kai shi wurin mai ɗori, kada ku jinkirta, domin ƙashi yakan fara haɗewa cikin makonni kaɗan.