Me ya sa ake jinkirta tiyatar jaririn da hanjinsa ya haura ƙirji?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Matata ta haihu shekaranjiya, yaron yana numfashi da ƙyar. An ce tantanin da ya raba ƙirji da ciki ne ke da rami, hanji ya haura sama. Yau kwana uku yana kan na'ura ba a yi masa aiki ba. Anya ba sakaci ba ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya raya shi, ya ba shi lafiya tare da maijego. Ba sakaci ba ne, jiran nan ma yana cikin maganin.

Tantanin yakan gama haɗewa wajen mako na 8 zuwa na 10 na ciki. Idan bai rufe ba, hanji da tumbi da saifa, wani lokaci har hanta, sai su haura su zauna inda huhu zai girma. Ana samun haka a kusan jariri 1 cikin 3,000, galibi a gefen hagu. Shi ya sa za ka ga cikin yaron a shafe, in an saurari ƙirjinsa kuma a ji bugun zuciya ya koma dama.

Ɗinke ramin ba shi ne mai wuya ba, huhun ne damuwarmu. Ya tsumbure, jijiyoyinsa sun matse, jini ba ya ratsawa ya ɗauki iska yadda ya kamata. Bayan nasarar da likitan tiyata Robert Gross ya samu wajen ɗinke irin wannan rami a Boston ta Amurka a 1946, an daɗe ana garzayawa da jarirai ɗakin tiyata cikin sa'o'i. Sai a shekarun 1980 aka gane cewa yin aiki kafin huhu ya daidaita ƙara wa yaro wahala yake. Yanzu akan sa bututun numfashi, a zura siririyar roba ta hanci ko baki zuwa ciki ta fitar da iska, a jira hawan jinin huhu ya lafa. Yakan ɗauki kwana biyu, yakan haura mako. Ina roƙon ma'aikatan ɗakin haihuwa, kada a matsa wa irin wannan jariri iska da jakar fuska (jakar roba da ake kifa bakinta a hanci da baki a hura iska), hanji take kumburawa ya ƙara danne huhu.

Ranar aiki, akan yanka ƙarƙashin haƙarƙari, a sauko da hanjin a hankali, a ɗinke da zaren da ba ya narkewa. In ramin babba ne sai a yi faci da wani ƙyallen roba mai suna Gore-Tex. Bayan sallama a kula da yawan tumbuɗi da nauyin yaron, a gwada jin kunnensa, kuma kada a fasa zuwa asibiti, don faci yakan buɗe.

Yau ka tambayi likitocinsa ko hanta ta haura, da abin da hoton zuciya ya nuna. Su ne za su nuna maka nauyin ciwon.