Likita, da gaske ne kofi ɗaya na jar giya kullum yana tsare zuciya?

Tambaya:

Assalamu alaikum likita. Ni ɗan Damagaram ne, shekaruna 46, ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Bordo, ƙasar Faransa. Watannin baya aka same ni da hawan jini, aka ɗora ni kan amlodipine. Abokan aikina mutanen kirki ne, amma rayuwarsu kacokan a kan giyar inabi take. Ranar Asabar gonakin inabi suke tafiya ɗanɗano, su dawo suna gardamar wace shekara ta fi wace. Ni ban taɓa sha ba. Wani dattijo a cikinsu, ya kusa 70 kuma jikinsa garau, ya ce kofi ɗaya na ja da abincin dare shi ya riƙe masa zuciya, wai likitocinsu sun tabbatar. Wani ɗan'uwa a gida kuma ya turo min saƙon murya cewa in dai magani ne, ai lalura ce. Shanyewar ɓarin jiki ce ta yi ajalin mahaifina, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Mene ne gaskiya?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya ba ka lafiya. Malam, kada ka fara. Ga mai hawan jini wanda shanyewar jiki ta taɓa gidansu, wannan kofin ba kariya ba ne, ƙarin kaya ne a kan jijiyoyin da suka riga suka ɗau nauyi.

Ba raina abokan aikinka nake yi ba. Ɗanɗano sana'a ce ta gaske a yankin da kake zaune. Ka ga mutum ya karkata gilashi yana duban launi, ya juya shi, ya cusa hanci, ya kurɓa kaɗan, ya ja iska ta tsakanin haƙora, sannan ya ce wannan ta yankin Médoc ce, inabin da ake kira Cabernet Sauvignon ya rinjaya a ciki, waccan kuwa daga wajen Saint-Émilion take inda inabin Merlot ya fi yawa. Sau da yawa yana dacewa, don shekaru ya yi yana horar da hancinsa. Amma ka lura da abin da ƙwararren yake yi bayan ya kurɓa: tofarwa yake a cikin ɗan bokitin da aka ajiye kan tebur. Ya san in ya riƙa haɗiyewa, kafin ya kai ƙarshen layin kwalaben harshensa da kansa sun daina aiki. Kuma ko a fagensu harshe yana yaudara. A 2001, a jami'ar nan ta Bordo, wani mai bincike mai suna Frédéric Brochet ya ɗiga wa farar giya jan launi marar ɗanɗano, ya miƙa wa ɗalibai 54 masu karatun harkar giya. Suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja da su. Harshen da launi ya iya ruɗawa ba shi za a tambaya halin da jijiyar ƙwaƙwalwa take ciki ba.

Yanzu ga maganar da ta fi ci min tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ji ta a ɗakin ganin marasa lafiya, har daga bakin 'yan boko masu digiri. Labarin nan na cewa jar giya tana tsare zuciya yana da ranar haihuwa. A watan Nuwamba na 1991 shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS a Amurka ya yi hira da wani masanin Faransa, Serge Renaud. Tambayar ita ce: me ya sa Faransawa suke cin cuku da man shanu da nama mai kitse, amma ciwon zuciya bai kashe su kamar Amurkawa? Aka nuna jar giya aka ce ga sirrin. Cikin shekarar da ta biyo baya cinikinta a Amurka ya haura da fiye da kashi 40 cikin 100. Tun daga nan maganar ta shiga duniya, kuma masu sayarwa ba su bar ta ta huce ba.

To me aka gano da aka koma aka tona? Abu na farko, a yawancin binciken da aka yi a baya, rukunin da ake kira "marasa sha" cike yake da mutanen da suka taɓa sha suka daina, saboda hanta ta kumbura, ko zuciya ta gaza, ko likita ya hana. Ka haɗa majinyata a gefe ɗaya, ka kwatanta su da masu lafiyar da har yanzu suke iya zaman teburin dare, dole masu sha su fito kamar sun fi tsawon rai. Masu bincike a Ingila sun ja hankali kan wannan tun 1988. A 2023 wani mai bincike, Tim Stockwell, da abokan aikinsa suka tattara bincike 107 suka tace irin waɗannan kurakuran. Fa'idar da ake ta yayatawa ga mai shan kaɗan ta ɓace.

Sai kuma tambayar su wane ne masu shan giyar inabin. A Danmak an bi rasiɗan kantuna miliyan uku da rabi, aka buga sakamakon a 2006. Masu sayen giyar inabi su ne suka fi sayen zaitun da ganyaye da 'ya'yan itace da kaza. Masu sayen giyar sha'ir kuwa sun fi kwasar soyayyen dankali na leda, da sukari, da abincin da aka riga aka dafa a masana'anta. Wato mai kwalbar Bordo galibi mai hali ne, yana cin mai kyau, yana ganin likita a kan lokaci. Lafiyarsa daga kwandon cefanensa da aljihunsa take. An ɗauki yabon da ya kamaci salak da kuɗin asibiti an rataya wa kwalba. Su kansu alƙaluman Faransa, wasu masu bincike biyu a Ingila, Law da Wald, sun nuna a 1999 cewa akwai mace-macen ciwon zuciya da ba a rubuta su da sunansu ba a takardun mutuwa, kuma Faransawa sun makara wajen fara cin kitse da yawa in aka kwatanta da Ingilawa, alhali illar kitse sai bayan shekaru masu yawa take bayyana.

Nan ne masu tallan intanet za su taso maka da kalmar resveratrol, sinadarin da ke cikin ɓawon inabi. Gaskiya ne akwai shi. Amma adadin da aka ba ɓeraye a ɗakin gwaji, kafin mutum ya samu kwatankwacinsa sai ya sha ɗaruruwan kofuna a yini guda. Kamfanin magunguna na GSK ya biya dala miliyan 720 a 2008 ya sayi kamfanin Sirtris da ke aiki kan wannan fage, a 2010 ya dakatar da gwajin maganin, a 2013 ya rufe ofishin. A 2012 jami'ar Connecticut ta samu ɗaya daga cikin fitattun masu yabon jar giya, Dipak Das, da laifin ƙirƙira da murɗe alƙaluma a wurare 145. Sannan a yankin Chianti na Italiya, ƙasar giya ta asali, an bi tsofaffi 783 tsawon shekara tara ana auna sinadarin a fitsarinsu. Masu yawansa ba su fi masu ƙarancinsa tsira daga ciwon zuciya ko mutuwa ba. Duk wannan an buga shi, an sani. Amma har gobe wani zai zauna gaban waya da farar riga wadda ko asibiti ba ta taɓa shiga ba, ya ce wa jama'a tana "wanke jini". Jini ba tufa ba ne da za a wanke. Hanta da ƙoda ke tace shi, kuma hantar ce ta fara shan wahalar barasa.

Abin da ya shafe ka kai tsaye shi ne wannan. A ƙasar Sin an bi mutum kusan 500,000, aka yi amfani da bambancin ƙwayoyin gado da ke sa wasu ba sa iya jure barasa, ta yadda talauci ko arziki ba zai rikita lissafin ba. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna cewa gwargwadon sha, gwargwadon hawan jini da haɗarin shanyewar jiki. Ba a ga wani ɗan adadi da ke ba da kariya daga shanyewar jiki ba. Barasa kuma tana tayar da rikicewar bugun zuciya, irin wadda ke tara gudan jini ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Haɗe da amlodipine tana iya sa ka jiri in ka miƙe, daga baya kuma awon ya sake hawa. Tun 1988 hukumar binciken cutar kansa ta duniya, wadda hedikwatarta ke Lyon, nan cikin Faransa, ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar kansa. Tarayyar ƙungiyoyin zuciya ta duniya ta faɗa a 2022 cewa babu adadin da ke amfanar zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a farkon 2023 babu adadin da za a kira marar haɗari.

Shi dattijon da ya ce likitocinsu sun tabbatar, ka tambaye shi cikin girmamawa ko ya ga saƙon hukumar lafiyar ƙasarsa. Abin da take cewa shi ne kada a wuce kofi biyu a yini, kuma ba kullum ba, kada a wuce goma a mako. Wannan iyaka ce aka yanka wa masu sha don a rage ɓarna. Hukumar ce kuma ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum 41,000 a Faransa a 2015. Allah ya ƙara masa lafiya, amma shi wanda ya kai 70 ne yake ba ka labari. Sa'o'insa da suka faɗi a 55 ba sa zuwa gonar inabi ranar Asabar su ba ka nasu.

Batun lalura kuwa, ni ba mai ba da fatawa ba ne, wannan na malamai ne. Amma duk malamin da za ka tambaya, zai fara da neman sanin ko abin magani ne kuma ko babu madadinsa. A nan amsar likita a fili take: ba magani ba ne, kuma magungunan hawan jini masu arha da aka gwada a kan dubban mutane suna nan birjik, ɗaya ma yana aljihunka. Akwai hadisin Ɗariƙu bin Suwaid da Muslim ya ruwaito, inda ya ce yana haɗa giya ne don magani, aka amsa masa cewa ba magani ba ce, cuta ce. Ɗan'uwan da ya turo maka murya da kyakkyawar niyya ya yi, amma don Allah jama'a mu ji tsoron Allah kan tura abin da ba mu tantance ba. Mutum yana kwance da fargabar ciwon da ya kashe ubansa, kai kuma ka danna masa saƙon da bai wuce minti biyu ba, ka juya ka manta, shi ka bar shi da waswasi.

Giyar da aka cire wa barasa da ake sayarwa a kantunan can, ka karanta jikin kwalbar, don doka ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin 100 a ciki. Ruwan inabi zalla ba shi da barasa, sai dai sukari ne jingim, kusan giram 15 a kowane mililita 100. In inabi kake so, ka ci 'ya'yan da ɓawonsu.

Inda ya kamata ka sa ido a teburin Faransawa shi ne gishiri. Burodinsu da cuku da naman gwangwani duk gishiri ne a ɓoye, ga dunƙulen magi da muke zubawa a miya in kewar gida ta taso. Abin da ake so kada ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin burodin. Ka sayi na'urar awo ta dantse a kantin magani, ka zauna ka huta minti biyar kafin ka auna, safe da yamma, ka rubuta na mako guda ka kai wa likitanka. A gida ana so awon ya tsaya ƙasa da 135 bisa 85. Ka yi tafiyar ƙafa mai ɗan sauri rabin awa yawancin ranaku, bakin kogin Garonne ya ishe ka. Kada ka ajiye ƙwayar don ka ji garau, hawan jini ba ya sallama. In kuwa wata rana baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a kira lamba 15, lambar agajin gaggawa ta Faransa, nan take, kada a jira gari ya waye.