Yaushe Ya Kamata Kyamarar Roka Ta Ɗauki Hoto?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram, unguwar Zango. Mun haɗa ƙaramar rokar gwaji da gorar roba da famfon keke, mun ɗaura mata kyamara don ta ɗauko mana hoto daga sama. Na sa NE555, ɗan guntun lantarki mai ƙirga lokaci, ya danna kyamarar bayan daƙiƙa 3, amma hoton ko ya fito dishi-dishi ko sararin sama tsagwaro. In koma Arduino ne, wato allon nan mai ƙaramar kwamfuta da ake rubuta wa umarni?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ƙanena. I, ka koma, amma fa ba shi kaɗai zai raba ka da matsalar ba.

Bari mu fara da NE555. Lokacinsa 1.1 ne sau rezista (mai rage gudun wuta) sau kwandansa (mai ajiye wuta), wato rezista 270k da kwandansa 10µF za su ba ka kusan daƙiƙa 3. A takarda ke nan. Irin kwandansan nan mai kamar ƙaramin gwangwani yakan kauce wa abin da aka rubuta a jikinsa da kashi 20 cikin ɗari, ka ga 3 ɗin taka tana iya zama 2.4 ko 3.6, ga kuma zafin garinmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu yana ƙara masa rawa. Roka kuwa ɗan ƙiftawar ido take yi a ƙololuwa, lokacin da gudunta ya mutu, kuma nan ne hoto ke fitowa tar.

Ni da zan zaɓar maka, ATtiny85 zan ce, ɗan guntun kwamfuta mai karɓar umarni irin na Arduino. Ƙafa 8 gare shi, ga shi sakayau, kuma da Arduino ɗin naka za ka zuba masa umarni. Ka dai lura: daga masana'anta agogon cikinsa yana tafiya ne a kan saurin 1 MHz. In ka rubuta umarnin da sunan 8 MHz ba ka saita shi ba, daƙiƙa 3 za ta koma 24, roka ta daɗe a ƙasa sannan kyamara ta farka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Daga yaushe ake fara ƙirgar? In da hannu kake danna makunni sannan ka ja igiyar sakin roka, tazarar yau daban, ta gobe daban, komai kyan agogonka. Dole roka ta gane da kanta cewa ta tashi. Ka haɗa ƙafa ɗaya ta ATtiny da layin ƙasa, wato gefen (−) na batiri, ta hanyar ɗan fulogi mai saurin zarewa, ka ɗaure fulogin da zare a jikin madafar harbawa, ka kunna rezistan cikin ATtiny mai jan ƙafar sama, wato zuwa gefen (+). Roka na tashi fulogi ya zare, ƙafar ta koma sama, ƙirga ta soma. Ka umarci ATtiny kada ya yarda sai ƙafar ta zauna a sama na milidaƙiƙa 50, don kada girgizar famfo ta ruɗe shi.

Daƙiƙa nawa za ka rubuta? Kada ka yi kintace. Harba rokar sau uku da nauyin kyamara a jikinta, wani ya ɗauki bidiyo da salula. Yawancinsu hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, sai ka ƙirga daga tashi zuwa ƙololuwa. Ruwa da iskar da kake durawa su zama ɗaya kowane karo. Sannan ka cire jinkirin kyamarar kanta: sa agogon gudu a salula, ka saita kyamarar a kan fuskar salular, ka danna ta daidai kan daƙiƙa 10, abin da ya fito a hoton zai faɗa maka makararta.

Wajen danna kyamara, kada ka kai mata wutar ATtiny kai tsaye. Sa PC817, ɗan makunni mai aiki da haske, a tsakani, da rezista 330 a gefen shiga, ƙafarsa ta 3 da ta 4 a kan maɓallin kyamarar. In bai danna ba, juya wayoyin biyu. Ka sa ATtiny ya maimaita dannawa har roka ta sauko. In ma kyamarar tana bidiyo, kunna bidiyon tun daga ƙasa, ka bar wa ATtiny aikin sakin lemar da za ta sauko da roka a hankali.

Batiri mai zama a kan sifirin yakan saki na ɗan lokaci saboda fizgar tashi, ATtiny ya mutu ya farfaɗo ya manta ƙirga. Ɗaure batirin tamau, wayoyi ka like su da dalma, ka sa kwandansa 100nF dab da ATtiny da wani 220µF kusa da batiri.

Hoton sama tsagwaro kuwa ba laifin agogo ba ne kaɗai. A ƙololuwa roka juyawa take yi, shi ya sa ya fi kyau idon kyamara ya kalli gefe, ya ɗan sunkuya ƙasa, kuma nauyin ya zauna wajen hancin roka.

Ku fita bayan gari da sassafe kafin iska ta taso, nesa da filin jirgi da barikin soja, ku kuma sanar da hukuma tukuna, tunda kyamara ce za ta tashi sama. In hazon hunturu ya sauka, ku haƙura. Bayan damina iska ta fi wankewa.