Hukuncin ajiye ƙaton karen Kokeshiyan don gadi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da garken tumaki da jajayen awaki a wani ƙauye kusa da Madarunfa, ɓarayi sun dame mu. An yi mini tallar kwikwiyon ƙaton karen nan da ake kira Kokeshiyan. Ina so in saya, amma a gidana na unguwar Zariya cikin Maradi zan ajiye shi, don can nake kwana. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya tsare maka dukiyarka. Karen kiwo da na gona da na farauta halal ne, babu saɓani. Sayensa kuwa mashhurin mazhabar Malikiyya hani ne, amma Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya halatta cinikin karen da aka yi izinin ajiyewa, kana iya bin wannan.

Sai dai Alhaji, dubi maganarka da kyau. Dabbobin suna Madarunfa, karen zai kwana a Zariya. To me yake gadi? Garken ne ya ba ka izini, in ka raba shi da garken ka fita daga izinin, ka shiga cikin waɗanda ladansu ke raguwa da ƙiraɗi (wani ma'auni na lada) kullum, kamar yadda ya zo a hadisi.

Na san za a ce maka ai Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya ajiye kare a gidansa, har ya ce da Imam Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. An ruwaito hakan. Amma masu kafa hujja da shi suna tsallake farkon labarin: katangar gidansa ce ta faɗi, yana cikin tsoron rayuwarsa. Shi ɗin dai ne ya rubuta a littafinsa Risala cewa ba a ajiye kare a gidaje, birni ko ƙauye, sai wanda ke bin dabbobi ko gona ko farauta. Abin da malami ya yi a halin lalura ba ya goge abin da ya karantar. Malaman da suka yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin garke ma sun gina shi ne a kan buƙata ta gaske. Kai kuwa ba ka ce an taɓa haura maka katanga ba. Ka tambayi zuciyarka ko girman karen ne ya burge ka.

Sannan ka san abin da za ka ɗauko. Asalinsa duwatsun Kokas ne, wajen Jojiya da Armeniya, ƙasar dusar ƙanƙara. Namiji yakan wuce kilo 50, gashinsa ninki biyu. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana haura digiri 40. Ɗaure shi da sarƙa a rana yana haki zalunci ne da za a tambaye ka a kansa. Inuwa, ruwa mai sanyi, abinci isasshe, cire kaska da allurar haukan kare duk suna wuyanka.

Halinsa kuma bai yarda da baƙo ba, ba ya jiran umarni kafin ya kai hari. Almajiri mai sallama da kwanonsa, ko yarinya mai tallar ƙosai, duk ɓarawo ne a idonsa. In ya ciji wani bayan an gargaɗe ka, biyan diyya a kanka yake.

In ka saya, kai shi garke tun yana ƙarami ya tashi cikin tumakin, a hannun makiyayi baligi, ba yaro ba. Ni da za ka ji tawa, karen gida da ya saba da zafinmu ya fi maka. Allah ne mafi sani.